Zauren Baba Malam: Littafi, Kaset Da Allon Sanarwa A Kullen Korona Na Kano

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba, da masu cewa su sun fi gane karatu a kan sauraro. Yau tarihi za mu taɓa, amma irin tarihin da ni da ku duk muna raye aka yi shi.

Bari in fara da tambaya. Kana ina daren Alhamis 16 ga Afrilu, 2020, da ƙarfe goma, lokacin da dokar kulle ta fara aiki a Kano? Me aka dafa a gidanku a satin farko? Wa ya rasu a layinku? Kwanan baya na jefa wannan tambayar a majalisarmu, wallahi sai musu ya kaure. Wani ya ce ai bayan sallah aka kulle gari, wani ya ce a'a, tsakiyar azumi ne. 'Yan shekaru kaɗan ke nan fa, kuma dukkanmu samari ne masu waya a hannu. Ni ma da tuni na bi sahunsu, ba don wani zaure ba.

A unguwarmu da ke cikin ganuwa akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, da ya mayar da zauren gidansa ɗan ƙaramin laburare bayan ya yi ritaya. Ba zan faɗi sunansa ba don ya hana ni, mu dai Baba Malam muke ce masa. Zauren bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba. Kanta biyu ce ta katako, sai akwatin ƙarfe irin na amaren da, sai benci ɗaya. Shi ba littattafan jarrabawa yake tarawa ba, ya ce waɗannan aikin makaranta ne. Abin da za ka tarar su ne Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja, Iliya Ɗan Maiƙarfi, Kitsen Rogo, Turmin Danya. Akwai wasannin kwaikwayo irin su Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu da Kulɓa Na Ɓarna. Akwai waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, da Imfirajin Aliyu Namangi. Akwatin ƙarfen kuwa cike yake da littattafan soyayya, wasu bangon ya yage an ɗinke da zare. A ƙarƙashin benci kwalaye ne na kaset, da tsohuwar rikoda. A bango an lilliƙa zane-zanen yaran unguwa, ga wata kukuma a rataye wadda tsirkiyarta ta daɗe da tsinkewa. A bakin ƙofa kuma akwai baƙin allo, inda yake rubuta sanarwa da alli: ɗaurin aure, suna, rasuwa, ranar rufe rajistar jarrabawa, ɗan akuyar da ya ɓata. Yara aro kyauta ne, manya su ajiye abin da ya sauwaƙa. Sharaɗi ɗaya ne, sai an rubuta sunanka a rajista.

To, irin wannan zaure ba daga sama ya faɗo ba, yana da kakanni. Tun kafin boko, Kano gari ne na littafi. Malamai suna da ɗakunan littattafansu na Larabci da ajami, ana kwafa da hannu ana ba almajirai aro, kuma har gobe in ka shiga Kasuwar Kurmi za ka ga masu sayar da littattafan addini da na waƙe. Ƙagaggen labari da boko kuma ya samu gindin zama ne a 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubutu. Daga gasar nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam ne edita. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa: cikin dalilan kafa jaridar har da jita-jitar da ke yawo a gari game da Jamus, a daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke ƙaratowa. Wato tun farko, buga labari da Hausa yana da alaƙa da yaƙi da ji-ta-ji-ta. Daga baya En'e-En'e suka buɗe ɗakunan karatu a garuruwa, aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu arha, sannan kamfanin NNPC ya zo a 1966.

Amma ainihin uwar zauren Baba Malam, in ka tambaye ni, ita ce shagon hayar littafi. A shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Hafsat Abdulwaheed ta riga ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Yarinyar da ba ta da kuɗin saye sai ta karɓi haya, ta karanta a kwana ɗaya ko biyu, ta mayar. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma. Matan aure da yawa a wannan hanyar karatun bokonsu ya zauna, ba a aji ba. Kuma ba a bar abin ya sha iska ba: an zarge shi da ɓata tarbiyya, har a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta shirya ƙona irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano. Baba Malam ya taɓa ce min shi ma akwai waɗanda ba zai ba jikarsa ta karanta ba, amma wuta ba ta tantance mai kyau da maras kyau. Shi ya sa nasa suke cikin akwati, shi ke zaɓar wa kowa daidai shekarunsa.

Ɓangaren kiɗa ma haka. Mamman Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waƙoƙinsu da yawa ba a situdiyo aka ɗauke su ba. A gidan biki ne, ko fada, ko gidan rediyo, wani ya danna rikoda, kaset ya haifi kaset. Da waya ta zo, sai masu tura waƙa a memori suka gaji masu sayar da kaset. Abin da aka juye ya tsira, abin da ba a juye ba yana nan cikin kwali zafi da ƙura suna cinsa. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aikin tattara waƙoƙin baka a rubuce, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihin Shata. Amma sautin kansa, kaso mai yawa a hannun ɗaiɗaikun mutane yake, irin su Baba Malam.

Yanzu mu koma baya shekara ɗari da biyu kafin korona. A ranar 14 ga Satumba, 1918, wani jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Legas daga ƙasar da ake kira Ghana a yau, ɗauke da masu fama da wata muguwar mura. Wannan ita ce annobar da ta zaga duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko. Ta bi kogi, ta bi hanyar fatake, ta bi layin dogo, wanda ya riga ya iso Kano tun 1911. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum kusan 500,000 a Najeriya, lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Kakanninmu marisuwa suke ce mata, a zamanin Sarkin Kano Abbas aka yi ta. Ku duba girman abin nan. Amma mafi yawan abin da masu bincike ke dogara da shi a yau rahotannin Turawan mulki ne: razdan ya rubuta wa gwamna, likita ya rubuta adadi. Rahoton razdan adadi yake bayarwa, ba ya kawo sunan mai ƙosai ko ladanin unguwa. Na tambaya a danginmu kaf, babu wanda ya iya faɗa min sunan mutum ɗaya namu da ya tafi a marisuwa, alhali da wuya a ce ta tsallake gidanmu. Baba Malam ne ya fara ba ni labarin marisuwa, shi ma daga bakin kakarsa ya ji. Wannan ya sa da korona ta zo, ya riga mu sanin abin da ya kamata a yi.

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas. A watan Maris aka rufe makarantu, ASUU kuma ta tafi yajin aikin da sai a Disamba aka janye. Ni lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, sai ga ni a gida ba aikin fari ba na baƙi. Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da na farko a Kano. Ranar 16 aka kulle gari. Kashegari Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu da cutar. Ranar 24 aka ɗauki azumi, babu asham a masallaci, babu tafsiri a fili. Ranar 27 Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ƙara wa Kano kullen sati biyu.

A nan zan tona asirin kaina. Ina cikin waɗanda suka yi shakka. Kun tuna lokacin da samari ke bin layi suna ihun babu korona? Ni ban fita ba, amma na yi abin da ya fi wannan muni. An turo min wata murya a WhatsApp, wani yana rantsuwa wai zafin Kano ba zai bar cutar ta rayu ba, wai duk dabarar cin kuɗi ce. Na tura ta cikin zauren WhatsApp na masu karatu a laburaren, wanda jikar Baba Malam ta buɗe da aka hana taruwa. Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga kira.

"Ɗana, wannan maganar da ka turo, wa ya faɗe ta?"

"Baba, ni ma turo min aka yi."

"Shi wanda ya turo maka, wa ya gaya masa?"

Na yi tsit.

"Shekara huɗu kana jami'a ba a koya maka tambayar tushen magana ba? Ko mai kawo hadisi sai an tambaye shi daga wa ya ji. Ka goge, ka kuma ba mutane haƙuri."

Na goge, na ba da haƙuri, kunya kamar in nutse. Amma Baba Malam bai taɓa kiran masu shakka jahilai ba. Ya ce mutumin Kano yana da dalilinsa na tsoro. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. In maciji ya taɓa saran mutum, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Don haka ya ce ba za a ci mutane da zagi ba, sai da labarin da suka san inda ya fito.

Daga ranar aka kafa wa allon ƙofa doka. Duk abin da za a rubuta sai an sa abu uku: wa ya faɗa, yaushe, a ina aka ji. Ni aka ɗora wa duba alƙaluman da hukumar NCDC ke fitarwa da daddare. Baba Malam yana riƙe da rediyonsa, BBC da asuba, tashoshin gida da yamma. Jikarsa tana ɗaukar hoton allon ta tura WhatsApp, ta kuma karanta shi da murya saboda iyayenmu mata da ba sa karatun boko. A allon nan mutane suka riƙa sanin ranakun da aka sassauta kulle, Litinin da Alhamis, don a fita cefane. A nan aka riƙa sanin lokacin darussan da gwamnati ke sawa a rediyo saboda yara. A nan aka riƙa rubuta cewa akwai gida kaza da ba a ɗora tukunya ba, ba tare da an ambaci suna ba, mai hali ya kawo a ajiye a zaure, da daddare a kai. Ƙungiyar matasan da nake aiki da ita har yau, daga rabon kwanon gero a bakin wannan zauren ta samo asali.

Sai mace-mace suka fara. Wanda yake Kano a ƙarshen Afrilun nan ba sai an ba shi labari ba. Masu haƙar kabari suka fara gaya wa 'yan jarida cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Cikin 'yan kwanaki aka rasa Farfesa Ibrahim Ayagi, aka rasa Farfesa Balarabe Maikaba na sashen aikin jarida a Jami'ar Bayero, ranar 2 ga Mayu aka rasa Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila. Cibiyar gwajin cutar a Kano ta tsaya da aiki na wasu kwanaki. Asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe, masu hawan jini da ciwon suga suka rasa inda za su. Da farko gwamnatin jiha ta danganta mace-macen da hawan jini, suga, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Gwamnatin tarayya ta turo tawaga ƙarƙashin Dokta Nasiru Sani Gwarzo. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce ta jawo.

Mutum 979. Adadi ke nan, irin na razdan. Baba Malam kuwa abin da ya yi shi ne, ya ɗauki rajistar aron littafi, ya juya ta ya fara rubutu daga shafin ƙarshe. Duk wanda ya rasu a unguwa da kewaye, sai ya rubuta sunansa, ranar rasuwa ta Musulunci da ta boko, sana'arsa, maƙabartar da aka kai shi, da jimla ɗaya a kan halinsa. Wane, tela, shi ke ɗinka wa marayu kayan sallah. Wance, ungozoma, rabin yaran layin nan a hannunta suka faɗo. Na ce, "Baba, ba ka sa abin da ya kashe su ba." Ya ce, "Ni ba likita ba ne, abin da na sani shi zan rubuta. Masu bincike in sun zo su haɗa da nasu." A lokacin zaman makoki ya gagara, mutum sai ya rasu a binne shi maƙwabcin bayan layi bai ji ba. Sanarwar allon nan ita ta zama ta'aziyyar unguwa.

Aron littafi kuma bai tsaya ba, ta taga aka koma. Ka turo saƙo da sunan littafi, ranar sassauci ka zo da takunkumi a fuska, a miƙo maka. In ka dawo da shi a jefa a kwali, sai ya kwana uku kafin wani ya taɓa, kamar yadda ɗakunan karatu a ƙasashe da dama suka riƙa yi a lokacin. Jikarsa ce ke shiga da na matan aure cikin gidaje. Abin da ya ba ni mamaki, samarin da ban taɓa gani da littafi ba suka fara zuwa. Babu makaranta, babu gidan kallon ƙwallo, wuta ba kullum ba, data ta yi tsada ga wanda ba ya fita nema. Wani abokina mai gyaran waya, da da in ya gan ni da littafi sai ya ce boko ya taɓa ni, shi ya cinye Magana Jari Ce duka uku, ya dawo yana tambaya ko Abubakar Imam yana da wani.

Kiɗa fa? A azumi Baba Malam waƙen Imfiraji da na bege yake sawa a rikoda bayan shan ruwa, ya ajiye ta a bakin taga, maƙwabta na ji daga soraye. Bayan sallah, wadda aka yi ba hawa ba daba, sai ya koma Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa. A daidai lokacin ne kuma intanet ta ɗauka da Jaruma ta Hamisu Breaker, matan aure na rawa a gaban mazajensu ana ɗora bidiyo, malamai na faɗa, matasa na musu. A shekarar ce Izzar So ta fara a YouTube, Labarina ta fara a Arewa24, marubuta mata suka ƙara cika Wattpad da zaurukan WhatsApp da labarai shafi-shafi. Kulle ya tura fasahar Hausa cikin waya da ƙarfi, kuma masu waya da mabiya sun ci riba.

Amma akwai waɗanda ba su da wannan hanyar. Makaɗi da maroƙi da zabiya abincinsu a taro yake, taro kuwa an hana. Ba biki, ba suna, ba naɗin sarauta, ba dambe. Wani tsohon mai kalangu a unguwarmu ya zo wata Alhamis da kalangunsa a buhu, wai a taimaka a saya, gidansa ba ko ƙwayar hatsi. Baba Malam ya ce ba zai sayi gadon mutum ba. Ya auna masa gero, ya ce kalangun ya zauna a zaure ajiya, ranar da gari ya buɗe ya zo ya ɗauka. Sannan ya ce in kunna wayata. Muka zauna nesa da juna, tsohon nan ya yi ta bayani: yadda kalangu yake kiɗan mahauta tun asali, yadda ake matse tsirkiya a hammata sauti ya hau ko ya sauka har ganga ta faɗi magana, taken da ake yi wa kowane gida, da sunayen waɗanda ya gada. Zama huɗu muka yi. Ban taɓa jin darasi irin wannan a jami'a ba.

To ga inda abin yake min ciwo. Bayan shekara biyu aka yi min ƙwacen waya a hanyar dawowa gida, irin wanda kowa a Kano ya san zancensa. Zaman nan huɗu suna ciki, ban ajiye su ko'ina ba. Ɗaya kawai ya tsira, shi ma don jikar Baba Malam ta taɓa karɓa ta juye a memori. Tsohon kuma Allah ya yi masa rasuwa kafin in sake zama da shi. Zauren WhatsApp ɗin nan da muka yi ta tura hoton allo, kowa ya canja waya, hotunan sun bi iska. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka ɗora littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Muna ganin kamar abin da ya hau intanet ya zauna ke nan, alhali haya muke yi a gidan wasu. Abin da ya rage cif daga kullen 2020 a unguwarmu shi ne rajistar nan ta takarda, mai bangon kwali, wadda aka rubuta da biro.

Ba ina cewa a jefar da waya a koma alli ba. Ai da waya kuke karanta wannan. Abin da nake cewa, adana abu aiki ne da sai wani ya ɗauke shi da gangan. Mun san rayuwar mace Bahaushiya ta ƙarshen ƙarni na 19 dalla-dalla saboda Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a 1949 da 1950 ta rubuta abin da ta faɗa, aka buga a 1954. Farfesa Graham Furniss da abokan aikinsa sun bi littattafan soyayyar da mu muke rainawa, suka tara su a Landan, suka fitar da jerin sunayensu a 2004. Mun gode musu. Amma kullum sai baƙo ne zai zo ya tsince mana kayanmu? Muna da Gidan Ɗan Hausa, muna da Gidan Makama, muna da Laburaren Murtala Muhammad, muna da Arewa House da Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Muna da bikin littattafai da fasaha na HIBAF da aka fara a 2021. Duk waɗannan ba za su san abin da ke cikin akwatin kakarka ba sai kai ka fito da shi.

Baba Malam yana nan da ransa, amma ido ya yi rauni, yanzu jikarsa ke rubuta allo. Daminar bara rufin zauren ya yi yoyo, kwali ɗaya na kaset ya jiƙe, gara kuma ta fara taɓa ƙasan kanta. Mun fara ɗaukar hoton rajistar shafi-shafi, muna juye kaset ɗaya bayan ɗaya, kowane abu muna ajiye shi wuri uku: a kwamfuta, a memori, da kuma intanet. Sunayen mamatan ba za mu wallafa ba sai da izinin iyalansu.

Ku ma ga aikin gida, ba ya buƙatar tallafin kowa. A wannan satin ka zauna da babba ɗaya a gidanku, mahaifiya ko kawu ko kaka, ka nemi izini ka kunna waya, ka tambaye su yadda suka yi azumin 2020, da wa suka rasa, da abin da suka ji daga nasu iyayen game da marisuwa ko sanƙarau ko agana. Ka faɗi kwanan wata a farkon ɗaukar. Ka tura wa mutum biyu su ajiye, kar ka yi irin sakacina. In akwai kaset ko tsohon littafi a gidanku, kar a ba mai ƙosai, kar a zuba a shara. In akwai mai irin wannan zauren a unguwarku, ko a Zariya kake, ko Katsina, ko Damagaram, ka je ka gaishe shi ka tambaye shi me ya fi buƙata. Sau da yawa kwano biyu na rufi ne da maganin gara.

Ranar da na gaya wa Baba Malam zan yi shiri a kansa, cewa ya yi, "To ka gaya musu akwai littattafaina da aka ara tun lokacin kulle ba a dawo da su ba, sunayen suna cikin rajista." Na isar da saƙo. Wanda ya san da shi ake, ƙofa a buɗe take bayan la'asar.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum.